Daga Tasha ta Shida zuwa bakin baƙin rami

Ranar 6 ga Oktoba, 2008, wani ma'aikacin duba sama mai suna Richard Kowalski yana bakin aiki a kan dutsen Lemmon da ke jihar Arizona ta Amurka, sai ya ga wani ɗan ɗigo yana gusawa tsakanin taurari a hotunan da madubin hangen nesa ya ɗauko. Nan da nan masu lissafi suka duƙufa. Dutse ne mai faɗin kimanin mita 4, ya nufo duniya, saura ƙasa da kwana guda, kuma a arewacin Sudan zai sauka. Haka kuwa aka yi. Da asubahin 7 ga wata ya kutso, ya tarwatse a sama, kimanin kilomita 37 daga ƙasa, a kan hamadar Nubiya. Ba a taɓa hango dutse tun yana sarari ba, a faɗi wuri da lokacin da zai faɗo, magana ta tabbata, sai a ranar.

Da yawa sun ɗauka ya zama ƙura, babu abin tsinta. Dakta Mu'awiya Shaddad na Jami'ar Khartum da Peter Jenniskens na cibiyar SETI a Amurka ba su yarda ba. A watan Disamba suka ɗebi ɗalibai da ma'aikatan jami'a su 45 zuwa hamadar, suka jera su sahu guda, kowa ya sunkuyar da kai yana tafiya a hankali, ana neman baƙin dutse mai alamar ƙuna a kan tsakuwa mai haske. Cikin kwana uku suka tsinci guda 15. Da aka ci gaba da komawa, abin da aka tara ya kai wajen guda 600, nauyinsu ya haura kilo 10. Aka raɗa musu suna Almahata Sitta, wato Tasha ta Shida, ɗaya daga tashoshin layin dogon da rundunar Kitchener ta shimfiɗa a 1897 daga Wadi Halfa zuwa Abu Hamad, kan hanyarta ta zuwa yaƙar Halifa Abdullahi a Umdurman. Lamba aka ba tashoshin don babu ko ƙauye a wurin da za su ari sunansa.

To ina ruwan wannan da baƙin rami? Ruwansa shi ne madubin da ya hango dutsen.

Shirin Catalina, wanda Kowalski ke yi wa aiki, farautar duwatsu ne tsantsa, kuma hukumar NASA ke biyan kuɗinsa don kada wani babba ya shammace mu. Dabararsu mai sauƙi ce: a ɗauki hoton yanki guda na sama sau huɗu, da tazarar 'yan mintoci, kwamfuta ta gwada su. Ɗigon da ya canja wuri shi ake nema. Sauran miliyoyin ɗigon da suka tsaya cak, ba ruwan mafarautan da su. Tun daga 2007 wasu masana na jami'ar Caltech suka karɓi waɗannan hotuna suka yi musu wata tambaya dabam: wane ɗigo ne bai motsa ba, amma haskensa ya ƙaru ko ya ragu? Daga cikin abin da wannan tambaya ta tono akwai tsakiyar wasu gungun taurari masu nisan gaske, waɗanda ke zaune lafiya shekara da shekaru, sai rana ɗaya su kama da haske. A 2017 Matthew Graham da abokan aikinsa suka tace irin waɗannan wurare fiye da 900,000, suka fitar da manyan walƙiya guda 51 da ba su yi kama da ɗan hawa da saukar da aka saba gani ba.

Kusan kowane babban gungun taurari yana da ƙaton baƙin rami a cibiyarsa. Ba rami ba ne irin na ƙasa. Nauyi ne mai yawa da ya dunƙule a ƙaramin wuri, har ƙarfin jansa ya kai ko haske ya ƙetare wata iyaka ba ya dawowa. Shi kansa ba ya haskawa. Hasken da ake gani na abin da ke bakinsa ne: iskar gas da ta faɗa tarkonsa ba ta zurmawa kai tsaye, kewayawa take yi ta zama faifai, tana gogayya da juna har ta yi zafin da ya kai ta fitar da eksire, irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti.

Namu yana nan a tsakiyar gungun da rana take ciki, wanda Larabawa ke kira Darbut Tabbana. Sunansa Sagittarius A*, nauyinsa ya kai na rana sau miliyan 4, kuma haske kan yi shekara kusan 26,000 kafin ya iso mu daga can. Reinhard Genzel da Andrea Ghez sun shafe shekaru suna bin sawun taurarin da ke kewaya shi kafin su tabbatar da wannan nauyi, abin da ya ba su kyautar Nobel a 2020. Wanda ya kwana a tsakar gida a Umdurman cikin watan Yuli, kan gadon igiyar nan da mutanen Sudan ke fitarwa waje saboda zafi, idan guguwar habub ta yi masa rangwame kuma unguwa ba wuta, ya dubi kudu bayan lisha. Zai ga burujin Aƙrabu da wutsiyarsa a lanƙwashe, Ƙausu na biye da shi ta gabas, farar hanyar taurari ta yi kauri a tsakaninsu. Cibiyar tana nan, kuma idan ta kai ƙololuwa tana kusan rabin tazarar da ke tsakanin bakin ƙasa da tsakar ka. A Kano da Maraɗi ma haka ne, sai dai lokacin damina ne, a yi ta fama da hadari. Amma ko sama ta yi tas ido ba zai ga komai a wurin ba. Ƙurar da ke tsakaninmu da cibiyar tana shanye hasken ido, abin da ke tsira bai wuce kashi ɗaya cikin tiriliyan ba. Da eksire, da zangon rediyo, da hasken zafi na infrared ake leƙa shi.

In aka gwada shi da takwarorinsa, baƙin raminmu ba mai ci ba ne, kusan kullum cikin azumi yake. Duk da haka ba ya zama shiru. A watan Oktoba na 2000 tauraron ɗan Adam Chandra ya ga eksirensa ya ninka sau 45, ya ɗauki kusan awa 3, ya lafa. Ranar 14 ga Satumba, 2013, ya ninka sau 400. Ranar 13 ga Mayu, 2019, madubin Keck da ke Hawayi ya ga hasken infrared ɗinsa ya sauya da ninki 75 cikin awa 2. Da aka sa masa ido da madubin James Webb na jimillar awa 48 a 2023 da 2024, Farhad Yusef-Zadeh da tawagarsa sun tarar yana yin manyan walƙiya biyar zuwa shida a rana, ban da ƙananan ƙyaftawa da ba sa yankewa, kuma ba su gano wani tsari da suke bi ba.

Saurin nan shi ne abin da ya fi burge ni, domin da shi ake auna abin da ba a iya gani. Haske na tafiyar kilomita 300,000 a daƙiƙa, babu abin da ya fi shi gudu. Idan wuri ya haskaka ya dushe cikin minti goma, to faɗinsa ba zai wuce tafiyar haske ta minti goma ba, in ba haka ba hasken gefe ɗaya zai riga na ɗaya gefen isowa, walƙiyar ta ja lokaci. Ke nan da agogo kawai an san abin yana faruwa ne dab da bakin ramin. A 2018 wata na'ura mai suna GRAVITY a ƙasar Chile ta ƙara tabbatar da haka, ta ga dunƙulen gas mai zafi yana kewayawa a wurin da gudun da ya kai kashi 30 cikin 100 na gudun haske. Me ke kunna shi? Mafi yawan masana sun karkata ga maganaɗisu: layukansa su murɗe, su tsinke, su sake haɗuwa, su saki ƙarfi lokaci guda, yadda ake gani a fuskar rana. Wasu kuma, a kan walƙiyar 2013, sun kawo yiwuwar cewa wani dutsen sarari ne ya matso kusa aka yayyaga shi. Har yanzu ba a rufe babin ba.

Ba kuma kullum yake azumi ba. A 2023 masu aiki da tauraron IXPE suka sanar cewa wasu gizagizan gas da ke kusa da cibiyar suna maido da hasken wata walƙiya da ta ninka ƙarfin da yake da shi yau sau miliyan guda. Asalin hasken ya ratsa ta kanmu kimanin shekara 200 da suka wuce, wajen zamanin da sojojin Muhammad Ali na Masar suka kafa sansanin da ya zama Khartum a mahaɗar kogunan Nilu biyu, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yana kan gado a Sakkwato. Babu wanda ya gani, don eksire ba ya ratsa iskar duniya. Amsa kuwwarsa ce ke iso mu yanzu.

A wasu gungun abin ya fi haka muni. Wani lokaci tauraro sukutum kan kauce hanya ya gifta kusa da ramin. Gefensa na kusa ana jansa da ƙarfi fiye da na nesa, har bambancin ya fi ƙarfin abin da ke riƙe da shi, ya yage. Kusan rabinsa ya fantsama waje, rabi ya dawo yana zuba, wurin ya yi wata da watanni yana ci bal-bal. Jack Hills a 1975 da Martin Rees a 1988 sun lissafa haka a takarda tun kafin a gani da ido. A gungu guda abin kan faru sau ɗaya a shekara dubu goma zuwa dubu ɗari, shi ya sa ba a zaunawa a jira shi. Sai dai a sa ido kan miliyoyin gungu lokaci guda, aikin da sai irin madubin Catalina.

Mafi girman irin wannan haske da aka taɓa gani zuwa lokacin, an sanar da shi a Nuwamban 2025, kuma Graham ɗin nan ne ya jagoranci binciken. Lambarsa J2245+3743, nisansa tafiyar haske ta shekara biliyan 10, kuma a ganiyarsa ya yi hasken rana tiriliyan 10. Bayanin da suka fi gamsuwa da shi shi ne wani rami mai nauyin rana miliyan 500 ya yaga tauraron da ya ninka rana aƙalla sau 30. Tun 2018 madubin Zwicky da ke Palomar da shirin Catalina suka kama shi, aka duba, ba a ga abin mamaki ba, aka ajiye. Sai a 2023, da aka lura ya ƙi dushewa da wuri, aka koma da madubin Keck aka gane girmansa. Shekara biyar abin yana kwance a rumbun kwamfuta.

Ra'ayina a nan shi ne mun daɗe muna ba kanmu uzurin da bai cika ba. Mukan ce ilimin taurari sai mai ƙaton madubi. Gaskiya ne, tantance nisan abu da abin da ya ƙunsa sai da irin Keck ko SALT da ke Sutherland a Afirka ta Kudu. Amma tace abin da aka riga aka ɗauka ba ya buƙatar haka. Cibiyar Vera Rubin da ke Chile, wadda ta fitar da hotunanta na farko ranar 23 ga Yuni, 2025, an gina ta ne don ta riƙa share sararin kudu duk bayan 'yan darare har shekara goma, tana aika miliyoyin sanarwa kowane dare kan duk ɗigon da ya motsa ko ya sauya haske, kuma sanarwar a buɗe take ga kowa. Masu dubawa ne suka yi kaɗan. Malami guda da ya san kan abin, da ɗalibai masu lissafi da haƙuri, da wuta da intanet, sun isa a fara a Bayero ko Ahmadu Bello ko Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi. Jami'ar Khartum ba ta mallaki madubin da ya hango dutsen 2008 ba, amma sunayen mutanenta suna kan rahoton da mujallar Nature ta buga a Maris na 2009. Sai dai akwai sharaɗin da ya riga duk waɗannan. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya rufe azuzuwa a Khartum da Umdurman, malamai suka watse, ɗalibanmu da ke karatu can aka kwaso su a motocin bas zuwa iyakar Masar. Aikin da ke neman a duba wuri guda dare bayan dare na shekaru, shi yaƙi ke fara kashewa.

Akwai kuma nau'in walƙiyar da ko masana ba su yi tsammani ba. A Disamban 2018 tauraron XMM-Newton na Turai ya ga tsakiyar wani gungu mai suna GSN 069 tana ninka eksirenta har kusan sau 100, ta yi kamar awa guda, ta lafa, bayan awa 9 ta sake. Baƙin rami da ke bin agogo! An samu wasu kaɗan irinsa daga baya. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne akwai wani ƙaramin abu, tauraro ko ƙaramin baƙin rami, da ke kewaya babban a karkace, yana huda faifan gas ɗin sau biyu a kowane zagaye, kamar allurar mai ɗinkin hula da ke shiga ta sama ta ɓullo ta ƙasa. Kowace huda, walƙiya guda. Wannan bayani ya samu ƙarfi da aka ga irin walƙiyar, duk bayan kimanin awa 48, a wurin da aka shaida yagewar tauraro a 2019, wato ga inda faifan ya samo asali.

Sai ga wani ya zo ya dagula lissafi. A burujin Sumbula, nisan shekarar haske miliyan 300, akwai gungun da ya yi shekaru shiru, ya farka a Disamban 2019. Ana yi masa laƙabi da Ansky. Daga Fabrairun 2024 ya fara walƙiyar eksire duk bayan kimanin kwana huɗu da rabi, kowace ta fi na sauran tsawo da ƙarfi kusan sau goma, kuma Lorena Hernández-García ta Jami'ar Valparaíso da abokan aikinta ba su ga alamar an yaga wani tauraro a wurin ba. Idan maganar huda faifai gaskiya ce, ƙaramin abin yana matsawa ciki a hankali, kuma irin wannan kewayawa tana girgiza sararin kansa, girgizar da Einstein ya yi hasashe. Na'urorin da ke doron ƙasa ba sa jin mai jinkiri irin wannan. Hukumar sararin samaniya ta Turai ta amince a Janairun 2024 da gina LISA, taurarin ɗan Adam guda uku da za su auna ta daga sama, kuma an tsara harba su wajen 2035.