Wuraren Cin Abinci a Tsibirin Zanzibar

Baƙon da ya sauka a Zanzibar, tsibirin Tanzaniya da ya shahara da noman kanumfari, ya dace ya fara da lambun Forodhani a tsohon birnin Stone Town, inda masu gasa kifi ke kafa tebura bayan magariba, ake kuma sayar da urojo, wato romo mai tsami da ake zuba wa dankalin Turawa. Gidan abinci na Lukmaan kuwa ya yi suna wajen pilau, shinkafar da ake dafawa da kirfa da kanumfari, cikin farashi mai rahusa. Mai neman ƙasaita sai ya nufi gidan abinci na The Rock a gabashin tsibirin, wanda aka gina bisa dutse cikin teku, kuma da kwalekwale ake isa gare shi idan ruwa ya cika.