Mai Riƙe da Mabuɗin Shawara

Magabata sun daɗe da sanin cewa shawara ba ta haifar da maslaha sai an yi ta bisa tartibi, domin majalisar da mai kawo mas'ala da mai sukarta da mai yanke hukunci suke magana a cikinta lokaci guda, ba ta da maraba da kasuwa ranar cinta. Wannan tsohuwar mas'ala ce ta fuskanci mahukuntan birnin Basalona na ƙasar Sifen a shekarar 2016, zamanin magajiyar gari Ada Colau, yayin da suka buɗe wani dandali a intanet mai suna Decidim, ma'ana "mu muke yanke shawara" da harshen Katalan, domin jama'a su sa baki cikin tsarin ayyukan garinsu. Shawarwarin da aka tara kuwa sun haura 10,000, adadin da babu zauren da zai iya saurara.

Dabararsu ita ce raba al'amarin mataki-mataki, kowanne da wa'adinsa, kuma ba a buɗe biyu tare. A lokacin gabatarwa, tsohuwar da take son a dasa itatuwa a harabar makarantar unguwarsu za ta rubuta buƙatarta, maƙwabta su yi muhawara a ƙarƙashinta. Idan wa'adi ya cika, ma'aikacin da ke kula da dandalin ya rufe wannan ƙofa ya buɗe ta goyon baya, sai ta duba wayarta ta tarar gurbin rubutun ya ɓace, wani maɓalli ya maye shi. Wanda ya makara, ko da hujjarsa ta fi ta kowa ƙarfi, sai haƙuri.

A nan ne nake ganin ya kamata mai karatu ya tsaya ya yi nazari, saboda mutane sukan zuba ido ga ranar ƙuri'a, alhali kuwa mafi yawan hukunci an riga an zartar da shi a matakin da ba a cika kallo ba, wato na tantancewa, inda injiniyoyi da ma'aikatan gari suke duba kowace buƙata, su ce wannan ba hurumin birni ba ce, waccan kuɗinta ya wuce ƙima. Gaskiya ne ba makawa sai an yi haka, don ba a zaɓen abin da ba zai ginu ba. Amma wanda aka mayar wa da buƙatarsa ba tare da dalili ba, da wuya ya sake dawowa. Shi ya sa dandalin ya tanadi gurbin amsa a bainar jama'a: an karɓa, ko ana dubawa, ko an ƙi, tare da wurin bayyana dalili.

Shi kansa wa'adin ma ba ya tsira daga ƙaddara. A farkon 2020 birnin ya ware Yuro miliyan 75 domin jama'a su zaɓi ayyukan da za a yi da su, sai annobar korona ta tsayar da komai ana tsakiyar tattara shawarwari. Da aka dawo, kuɗin ya koma miliyan 30, ba a kuma jefa ƙuri'a ba sai watan Yunin 2021, inda har ɗan shekara 14 ya sami damar zaɓe, aka fitar da ayyuka 76. Daga nan aka shiga matakin bin diddigi, wanda ya fi kowanne tsawo.