Yadda gyaran sautin jita ke jawo lalacewar fanel, da hanyar ceto shi

A gaban mafi yawan masu kaɗa jitar lantarki akwai wasu ƙananan akwatunan ƙarfe da ake takawa da ƙafa don sauya sauti, waɗanda ake kira feda. Ɗaya daga cikin fitattunsu ita ce Tube Screamer ta kamfanin Ibanez na Japan, koriyar feda da marigayi Stevie Ray Vaughan na Amurka ya ƙara wa farin jini.

Samfurin TS808 ya fito a 1979, sannan TS9 ya biyo baya a farkon shekarun 1980. Makaɗa da dama sun fi son sautin na farkon, shi ya sa suke buɗe TS9 su sauya kayan cikinta: rasista biyu na ɓangaren fitar da sauti, da kuma ai-si mai ƙafa takwas, inda suke saka JRC4558D. Har gobe ana gardama kan ko kunne na iya jin bambancin wannan ai-si, amma hakan bai hana mutane ɗaukar ƙarfen liƙi ba.

Saka sabon abu ba shi da wuya. Wajen cire tsohon ne ake yin ɓarna.

Layukan da ke ɗauke da wuta a jikin fanel jan ƙarfe ne mai kaurin kusan maikiron 35, wato bai ma kai kaurin gashin kai ba, kuma manne shi aka yi da gam. Kowace ƙafa tana zaune a kan wani ɗan zobe na jan ƙarfe. Idan ƙarfen liƙi ya daɗe a wurin, gam ɗin sai ya saki. Idan kuma aka finciko ƙafar kafin dalmar ta gama narkewa, zoben sai ya biyo ta, wani lokacin har da guntun layin. Da an haɗa batir mai bolt 9, fitila za ta iya kamawa amma sauti shiru, ko kuma ya riƙa yankewa, abin da ya fi muni idan a tsakiyar wasa ne.

A nan ne wasu ke yanke ƙauna su jefar da fedar, alhali gyaran bai taka kara ya karya ba. Zoben ba wani aiki yake yi ba illa haɗa ƙafar da layin. Don haka mai gyara zai bi layin da ido har inda yake da lafiya, ya kankare fentin da ya rufe shi a hankali har jan ƙarfen ya bayyana, ya lanƙwasa ƙafar sabon kayan a kai, ya liƙe da dalma. Idan layin ya tsinke da nisa, sai ya ja siririyar waya daga ƙafar zuwa mahaɗa ta gaba a kan layin. Masu gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano sun san wannan dabara, jampa suke ce mata.

Kafin a rufe akwatin dole a gwada da mita, a tabbatar wuta na wucewa inda ya kamata, kuma dalma ba ta haɗe ƙafafu biyu maƙwabta ba. Ɗan ɗigon gam a kan wayar zai hana ta motsi, domin feda abu ne da ke shan taku.

Ƙwararru kan kauce wa matsalar tun farko. Maimakon kokawa da ƙafa takwas a lokaci guda, sai su yanke ƙafafun tsohon ai-si su cire su ɗaya bayan ɗaya, sannan su dasa soket, ta yadda nan gaba za a iya sauya ai-si ba tare da zafi ya sake taɓa fanel ba.

Sai dai jampa na dawo da sauti ne kawai, ba ta dawo da daraja a kasuwa. Masu tara tsofaffin kayan kiɗa sun fi biyan kuɗi mai tsoka kan fedar da ba a taɓa cikinta ba, shi ya sa ake ba masu koyo shawarar su fara da sabbin samfura masu araha, su ƙyale na shekarun 1980.