An Rage Harajin Gida, Wa Zai Biya 'Yan Kwana-kwana?

A ranar 6 ga Yuni, 1978, masu zaɓe a jihar Kaliforniya ta Amurka suka amince da Ƙuduri na 13, wanda Howard Jarvis da Paul Gann suka jagoranta. Kukansu na gaskiya ne: farashin gidaje na ta hauhawa, haraji na biye da shi, har dattawan da suka yi ritaya na fargabar rasa muhallinsu. Dokar ta ƙayyade harajin a kashi 1 cikin 100 na darajar gida, ta kuma hana ɗaga darajar fiye da kashi 2 a shekara sai an sayar da gidan. Nan take fiye da rabin kuɗin da ƙananan hukumomi ke samu ta wannan hanya ya tafi.

Birni yana da wasu ƙofofin samu, kamar harajin cinikayya. Amma hukumomin kashe gobara masu zaman kansu na karkara, harajin gida ne kusan dukan abin dogaronsu. Da shi ake biyan albashi, da shi ake sayen mota da mai.

Majalisar jiha ta cike giɓin daga rarar baitulmali, da sharaɗin kada a taɓa aikin 'yan sanda da 'yan kwana-kwana. Rara kuwa ƙarewa take yi. Da aljihun jiha ya yi zafi a 1992, sai ta karkatar da wani kaso na harajin zuwa makarantu. A 1993 aka amince da Ƙuduri na 172, rabin santi a kan kowace dalar ciniki domin tsaron jama'a, amma gundumomi ne ke rabon, kuma a wurare da dama ofishin ɗan sandan gunduma da masu gabatar da ƙara suka kwashe mafi yawa.

A ganina nan kuskuren yake. An rubuta ragin a kundin tsarin mulki da alƙaluma, aka bar kuɗin ceton rai a hannun alkawari. Duk jihar da ke shirin rage wannan haraji, ya wajaba ta faɗi cikin dokar nawa ne rabon masu kashe gobara da motocin ɗaukar marasa lafiya, kuma daga ina zai fito. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ɗaya daga cikin hanyoyin da suka rage wa hukumar karkara ita ce ta roƙi mazauna su amince da haraji na musamman. Idan ita ta gabatar da buƙatar, sai ta samu kashi biyu cikin uku na ƙuri'u. Ko da mutum 65 cikin 100 sun ce a sayi sabuwar motar kashe gobara, buƙatar ta faɗi.