Yadda Ake Gane Ƙonewar Gaskit a Injin Mota

Gabatarwa

A wata bazara da ta gabata, motata ta fara shan ruwa fiye da ƙima. Duk bayan kwana biyu sai na ƙara kimanin lita 1 a lagireto, alhali ko ɗigo ban taɓa gani a inda take kwana ba. Da na kai ta gareji, bakaniken ya buɗe bonet, ya yi ɗan dube-dube, sannan ya ce, "Dakta, gaskit ne ya ƙone, sai an sauke kan inji." Na tambaye shi yadda aka yi ya sani, ya ce ai sun saba gani. Sauke kan inji kuwa aiki ne mai cin kuɗi da kwanaki, kuma idan aka yi shi bisa zato, ana iya kashe kuɗin a dawo gida da matsalar tana nan. Idan kuma aka yi sakaci alhali gaskit ɗin ya ƙone da gaske, ƙarshenta injin ne gaba ɗaya zai buga. Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana wa mai karatu aikin gaskit, da alamomin lalacewarsa, da gwaje-gwajen da ke tabbatar da ita kafin a kwance ko noti ɗaya.

Mene ne gaskit?

Injin mota ya kasu gida biyu manya. Akwai gangar jikinsa, wadda kanikawa ke kira bulok, inda silindoji suke, fistin na hawa da sauka a cikin kowace. Akwai kuma kan inji, wanda ke rufe silindojin ta sama, kuma a jikinsa ne bawul-bawul da fulogogi suke. Komai laushin gogewar da aka yi wa ƙarafan nan biyu, ba za su haɗu su toshe kowace kafa da kansu ba. Saboda haka ake shimfiɗa wani falle siriri a tsakaninsu, wanda kaurinsa bai cika wuce milimita 1 zuwa 2 ba, a ɗaure da dogayen ƙusoshi. Wannan falle shi ne gaskit. A tsofaffin injuna ana yin sa da haɗin zare da garafait tare da zoben ƙarfe a bakin kowace silinda, a yawancin injunan zamani kuwa fallayen ƙarfe ne sirara da aka jera a kan juna.

Abubuwa uku ne ke ratsa wannan mahaɗa, kuma wajibi ne kowane ya tsaya a hanyarsa. Na farko, iskar da ke ƙonewa a silinda, wadda zafinta kan haura digiri 2,000 na ma'aunin Salshiyas, matsinta kuma ya ninka na iskar da muke shaƙa sau hamsin ko fiye. Na biyu, ruwan sanyaya inji, wanda ke kewayawa ta wasu kafofi yana ɗebe zafi yana kai wa lagireto. Na uku, baƙin mai, wanda ake turawa sama domin ya shafe sassan da ke gogayya. Tazarar da ke tsakanin wasu daga cikin hanyoyin nan 'yan milimitoci ce kawai. Mai nazarin halitta zai tuna da tantanin da ke raba iska da jini a huhu: muddin yana lafiya, kowane na aikinsa, idan ya yage sai a ga jini a kaki. Haka alamomin gaskit suke. Duk suna nuna cewa wani abu ya shiga hanyar da ba tasa ba.

Me ke ƙona shi?

Babban sanadi shi ne zafi. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da ke cikin fetur yana zama zafin da ruwa ne ke kwashe shi. Idan komai na tafiya daidai, ruwan kan tsaya tsakanin digiri 85 zuwa 105. Ba ya tafasa a nan domin murfin lagireto yana riƙe matsi kimanin ninki ɗaya a kan na iskar waje, wanda ke ɗaga matakin tafasar ruwan zuwa wajen digiri 120. Idan fanka ta tsaya, ko fambel ya tsinke, ko famfon ruwa ya mutu, ko lagireto ya toshe, ko ma robar murfin ta tsufa, sai zafin ya wuce haka.

A nan ne wata ka'ida ta kimiyyar fiziya ke shigowa. Kowane ƙarfe yana buɗawa idan ya yi zafi, amma ba daidai da juna ba. Alminiyon yana buɗawa kusan ninki biyu na zubin baƙin ƙarfe. Injuna da yawa, ciki har da na Peugeot 504 da aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, kansu na alminiyon ne, bulok ɗin kuma na baƙin ƙarfe. A zafin da aka tsara musu, gaskit na jure wannan bambanci. Idan zafin ya yi yawa, kan injin yana neman miƙewa, ƙusoshi sun danne shi, sai ya lanƙwashe ya murƙushe gaskit. Bayan ya huce ba ya komawa yadda yake. Lanƙwasar da ta kai kashi ɗaya cikin goma na milimita, wato kwatankwacin kaurin gashin kai, ta isa ta buɗe kafa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Akwai kuma wasu sanadan, kamar tsatsa da ke cinye bakin kafofin ruwa, da ƙarar bugun fistin da ke biyo bayan fetur mara kyau ko saɓanin lokacin tartsatsi, da ɗaurin ƙusoshi ba bisa awo ba.

Alamomi da abubuwan da ke kama da su

Alamar da za a gani ta danganta da inda gaskit ya ɓalle.

Idan tsakanin silinda da hanyar ruwa ne, abu biyu kan faru. Lokacin da inji ke aiki, iskar ƙonewa tana kutsawa cikin ruwa, ta yi kumfa, ta tura ruwan waje ta bututun ambaliya, allurar zafi ta riƙa hawa musamman a kan tudu ko da kaya. Bayan an kashe inji, matsin da ya rage a lagireto yana tura ruwa cikin silinda. Shi ya sa da safe motar kan tashi tana ɓari na ɗan lokaci, salansa na fitar da farin hayaƙi mai kauri. Idan ruwan lagireton yana da maganin sanyaya, hayaƙin kan yi wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi. Amma a lura, ƙona lita 1 ta fetur yana samar da kusan lita 1 ta ruwa a siffar tururi. Saboda haka farin tururi da safiyar hunturu, wanda ke ɓacewa bayan minti kaɗan, ba ciwo ba ne. Wanda ke ci gaba bayan inji ya yi ɗumi shi ne abin tuhuma.

Idan tsakanin ruwa da baƙin mai ne, sai man ya koma kamar shayi da madara, a gan shi a sandar awon mai ko a ƙarƙashin murfin zuba mai. Wannan haɗari ne na gaggawa, domin man da ya gauraya da ruwa ba ya kare boris da karanshaf. Nan ma akwai ruɗi. Motar da ba ta yin doguwar tafiya takan tara danshi a ƙarƙashin murfin ba tare da wata ɓaraka ba, kuma a motocin da ke da na'urar sanyaya mai, fashewar na'urar kan haɗa ruwa da mai alhali gaskit lafiyarsa lau. Haka kuma tsabtar mai ba ta wanke gaskit daga zargi, domin sau da yawa ɓarakar ba ta taɓa hanyar mai ko kaɗan.

Idan tsakanin silindoji biyu maƙwabta ne, ruwa ba ya raguwa, mai ba ya sauya kama, sai dai inji ya rasa ƙarfi yana karkarwa. Idan kuma ta gefen waje ne, za a ga tsiyayar mai ko ruwa a layin da kai ya haɗu da bulok.

Daga wannan bayani za a fahimci cewa babu alama guda da ta isa hujja. Kamar yadda zazzaɓi shi kaɗai ba ya nuna cewa cizon sauro ne sai an duba jini, haka nan ma sai an yi gwaji.

Gwaje-gwaje

Kafin komai, kada a taɓa buɗe murfin lagireto inji na da zafi. Ruwan da ke ƙarƙashin matsi yakan tafasa nan take idan an saki matsin, ya watso ya ƙona fuska da hannu.

Gwaji na farko ba ya buƙatar kayan aiki. Da safe, inji na sanyi, a matsa babban tiyon lagireto na sama a ji laushinsa, sannan a ta da mota. Idan tiyon ya yi tauri cikin minti ɗaya ko biyu, tun kafin ruwa ya yi ɗumi, to wani abu ne ke hura masa iska. Ana kuma iya buɗe murfin tun inji na sanyi, a ta da shi, a duba ko kumfa na tasowa ba ƙaƙƙautawa.

Na biyu, a kwance fulogogi a jera su bisa tsarin silindojinsu. Lafiyayyen fulogi yakan yi launin toka-toka ko ƙasa-ƙasa. Idan guda ya fita fes kamar sabo a tsakanin 'yan uwansa, tururi ne ya wanke shi.

Na uku, awon matsin ruwa. Ana ɗaura ɗan famfo mai geji a bakin lagireto, a hura zuwa adadin da aka rubuta a murfi, a jira kamar minti 15. Idan allura ta sauka, akwai yoyo. A bi tiyo-tiyo da famfon ruwa da lagireto da kyau, domin ƙaramin yoyo a kan ƙarfe mai zafi yakan bushe kafin ya kai ƙasa. Idan ba a ga komai a waje ba, a haska cikin silindoji ta ramin fulogi.

Na huɗu, awon matsin silinda. Bayan inji ya yi ɗumi, a cire dukkan fulogogi, a katse wuta da fetur, a taka totur har ƙasa, a ɗaura geji a kowace silinda a juya inji. A yawancin injunan fetur akan sami tsakanin bar 10 zuwa 14, amma abin da ya fi muhimmanci shi ne silindojin su yi kusa da juna, bambancinsu kada ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Biyu maƙwabta da suka faɗi tare suna nuni ga gaskit. Idan guda ce ta faɗi, a zuba mata cokalin shayi ɗaya na baƙin mai a sake awo. Idan matsin ya tashi, zoben fistin ne ya cinye, domin man ya toshe masa kafa. Idan bai tashi ba, ana zargin bawul ko gaskit.

Na biyar shi ne ya fi ba ni sha'awa, domin na san sinadarinsa tun daga ɗakin gwaji. Ana rage ruwan lagireto kaɗan, a ɗora wata kwalba mai ɗauke da shuɗin ruwa a bakinsa, inji na aiki, a zuƙo iskar da ke saman ruwan ta ratsa cikin kwalbar. Shuɗin ruwan nan yawanci buromotaimol ne, wanda muke ba ɗalibai su hura da tsinken shan lemo domin su ga shaidar numfashi. Iskar kabon-dayoksaid idan ta narke a ruwa takan zama ɗan asid, shi kuma asid ɗin ya juya launin daga shuɗi zuwa kore, sannan rawaya. Ƙwayar halitta tana ƙona sukari ta fitar da kabon-dayoksaid da ruwa, inji yana ƙona fetur ya fitar da su. Wannan iska ba ta da abin yi a lagireto, saboda haka sauyin launi hujja ce mai ƙarfi. Sai dai a kiyaye kada ruwan lagireto ya shiga kwalbar ya ɓata sakamako, kuma a sani cewa ƙaramar ɓaraka da ba ta buɗewa sai inji na jan kaya tana iya kuɓuce wa gwajin. Har ila yau, gwajin ba ya bambance ƙonewar gaskit da tsagewar kan inji. Wannan sai an sauke an duba.

Idan an tabbatar

A daina tuƙa motar. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, don haka idan ya taru a silinda fistin ya taso, sandar fistin ce ke lanƙwashewa. Bayan an sauke kai, a ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfen awo a gwada da siraran fallayen awo. Idan lanƙwasar ta wuce abin da kamfanin ya ƙayyade, wanda a injuna da yawa bai wuce milimita 0.05 zuwa 0.1 ba, sai a kai shi a goge, a kuma bincika ko ya tsage. Wajen mayarwa, a ɗaure ƙusoshi da sufana mai awo, daga tsakiya zuwa gefe, mataki-mataki. A injunan da ƙusoshinsu ke miƙewa wajen ɗauri, sababbi ake sawa. A sauya mai da matatarsa. Ruwan lagireton da aka zubar kuwa a nisanta shi da yara da dabbobi, domin sinadarin etilin-gilaikol da ke cikinsa yana da zaƙi, kuma guba ne mai lalata ƙoda.

Kammalawa

A tawa motar, fulogin silinda ta 3 ya fito fes, shuɗin ruwa kuma ya koma rawaya. Ashe bakaniken ya yi gaskiya. Amma da muka ci gaba da bincike, sai muka tarar bututun lagireto da dama sun toshe da farin dasashi, irin wanda ke taruwa a gindin butar shayi, sakamakon ruwan rijiya da na shekara ina zubawa. Da sabon gaskit kawai aka sa, da shi ma bai daɗe ba. Ruwa ba ya tsami banza. Saboda haka duk wanda aka ce masa gaskit ɗinsa ya ƙone, ya nemi amsar tambayoyi biyu kafin ya biya: wane gwaji ne ya tabbatar, kuma me ya sa injin ya yi zafi tun farko? Bayan gyara, ya yi amfani da ruwan sanyaya da aka tanada domin haka, ya bar tamostat a wurinsa, ya riƙa duba ruwa da safe, kuma da zarar allurar zafi ta doshi ja, ya faka ya kashe inji.