Ganyen Shayi Mai Tsada da Mai Araha: Me Kuɗinka Ke Saya?

Duk wanda ya shiga babban kanti a Kano ko Kaduna ko Maraɗi zai tarar da kwalayen ganyen shayi jere a kanta. Ga wanda kowa ya sani, ƙunshi mai zare da 'yar takarda, irin wanda mai shayin unguwa ke tsomawa a kofi. Ga kuma wasu a gefe, kwali na sheƙi, an zuba musu sunayen Ingila da Indiya, kuɗinsu ya ninka na farkon sau da yawa. Mutane da dama sun ɗauka mai tsadar wani tsiro ne na daban, ko kuma ya fi amfani a jiki. Ko ɗaya babu.

Itaciya ɗaya ce ke ba da su duka, masana na kiranta Camellia sinensis. Hatta koren ganyen da ake dafa ataya da shi daga jikinta yake. A wajen sarrafawa ake rabuwa. Baƙin shayi, bayan an tsinko ganyen ya yi yaushi, sai a murje shi, a bar shi ya sha iska har ya yi duhu, sannan a busar. Tsohuwar hanya ita ce a murza a hankali don kada ganyen ya ragargaje. Wajajen 1930 aka fito da wani inji a yankin Assam na Indiya, wanda ake dangantawa da William McKercher, mai haƙoran ƙarfe da ke daddatsa ganyen ya dunƙule shi ƙanana-ƙanana. Shi ake kira CTC, kuma akasarin abin da ke cikin ƙunshin yau da kullum aikinsa ne.

Bayan an busar sai a tankaɗe. Cikakken ganye ya tsaya a sama, karyayye ya bi baya, sai tsaki-tsaki, sai gari. Biyun ƙarshen nan su ake ɗurawa a ƙunshi mai araha. Akwai masu cewa garin shara ce da ake kwasowa daga daɓen masana'anta. Wannan zance ne kawai. Ganyen ne dai, ya fi laushi, kuma laushin nan na da ranarsa: da ya ji ruwan zafi yake sakin launi da ƙarfi, cikin minti biyu kofi ya yi jawur. Illarsa ita ce ƙamshinsa na saurin gudu in ya daɗe a ajiye, kuma in aka bar shi ya jima a ruwa sai ya yi bauri.

Kamfanonin da ke yin mai araha ba daga gona ɗaya suke ɗauka ba. Sukan sayi ganye daga wurare da yawa su cakuɗa, don ɗanɗanon kwalin bana ya zo daidai da na bara. Kenya, wadda ke kan gaba a duniya wajen fitar da baƙin shayi, babbar madogara ce gare su, kuma a kasuwar gwanjo ta Mombasa ake cinikin yawancinsa. Mu ma a Najeriya muna da namu, ko da yake ba kowa ya sani ba: ana noman shayi a tsaunin Mambila, ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, inda ake yin Highland Tea.

Mai tsada na gaskiya abu biyu yake sayarwa, girman ganye da sanin asalinsa. Shayin Darjeeling, alal misali, a gangaren tsaunukan Himalaya ake noma shi, abin da ake samu a shekara bai kai tan 10,000 ba, kuma tun 2004 dokar Indiya ta kare sunan. Duk da haka an daɗe ana kukan cewa abin da ake sayarwa da sunan a duniya ya fi abin da gonakin ke bayarwa. Na Sri Lanka, wanda har yau ake kira Ceylon, yana da tambarin zaki riƙe da takobi, kuma hukumar shayin ƙasar ba ta yarda a buga shi sai a kan ganyen da aka noma aka kuma ƙunsa a can. Shi kuwa English Breakfast sunan haɗi ne kurum, domin Ingila ba ta noman shayin da ya taka kara ya karya. Earl Grey kuma baƙin shayi ne da aka ba shi ƙamshin ɓawon wani nau'in lemo. Saboda haka kwalin da ya cika baki da kirari amma bai faɗi ƙasar da ganyen ya fito ba, kuɗin kwali kake biya.

To, wanne ya kamata ka saya? Ya danganta da irin shan da kake yi. In kai ɗan haɗin kauri ne, madara cokali uku, sukari, ga citta da kanumfari, mai araha ne naka, kuma ya ma fi dacewa, don shi ne ke da ƙarfin da madara ba ta danne shi. Zuba Darjeeling a irin wannan kofi kamar fesa turare ne a bakin murhu. Mai shan ruwan bunu, ba madara ba kayan ƙamshi, shi ne zai ji bambancin, kuma in yana da hali babu laifi ya biya. Sai dai a duba nauyi. Ƙunshi ɗaya yawanci giram 2 ne, amma akwai masu ragewa, ka ga kwali mai sauƙin kuɗi alhali sai ka tsoma biyu kafin kofi ya yi launi.

Wani abin da tsada ba ta tsare maka ba shi ne jakar ƙunshin kanta. Da yawa daga cikin masu tsadar nan na zuwa a jaka mai kusurwa uku, shara-shara kamar siliki, kuma wasu daga cikinsu roba ce. A 2019 masu bincike a Jami'ar McGill ta Kanada sun gano cewa irin wannan jaka guda ɗaya, a ruwa mai zafin digiri 95, na sakin ɓurɓushin roba da ido ba ya gani har biliyoyi. Mai son cikakken ganye gara ya saye shi a gwangwani ya tace da rariya.

A fannin lafiya kuwa, hukuncinsu ɗaya ne. Dukansu na ɗauke da sinadarin kafin mai hana barci, don haka mai juna biyu ta taƙaita. Dukansu kuma na rage wa jiki tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci irin su wake da ganyaye. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da ƙarancin jini ya yi wa mata da yara yawa. A ba da tazarar kamar awa ɗaya tsakanin abinci da shayi.

Abin tsoro na gaske shi ne jabu da tsohon kaya. Akan samu marasa tsoron Allah da ke busar da ganyen da aka riga aka dafa su rina shi. Farke ƙunshi ɗaya ka barbaɗa a kan farar takarda mai laima: in nan take ta yi ɗigo-ɗigon ja ko ruwan ɗorawa, an sa rini, domin ganye na gaskiya a hankali yake sakin launi a ruwan sanyi. Shayi kuma yana zuƙar wari, shi ya sa wanda ya kwana kusa da sabulu ko kananzir a shago ke lalacewa komai sunan kamfaninsa. A gida a sa shi a gwangwani mai murfi, nesa da kayan yaji da turaren wuta, musamman da damina. Kafin ka miƙa kuɗi, juya kwalin ka duba lambar NAFDAC in a Najeriya kake, da ranar ƙarewar wa'adi, da nauyi, da ƙasar da ganyen ya fito. In babu su, mayar wa mai shago kayansa.