Tarihin Tafiyarka a Waya: Wa Ke Karantawa Bayan Kai?

Mutumin Barnawa ko Sabon Tasha da zai hau jirgin sama sai ya yi sammako. Zai tsallake gada, ya ratsa cikin gari, ya bi ta Mando, kafin ya isa filin jirgin Kaduna da ke Ƙaramar Hukumar Igabi. Da ya zauna a ɗakin jira, abu na farko da hannunsa ke yi shi ne ɗaukar hoton katin shiga jirgi, ya ɗora a WhatsApp da addu'ar sauka lafiya. Matasa sun ƙara gaba: akwai manhajoji irin su Flighty da myFlightradar24 da ke adana kowace tafiya, da lambar jirgi da kujera da kilomita nawa aka ci a sama, har su zana taswira mai kyan gani a ƙarshen shekara.

Adana tarihin tafiya yana da amfani, ba wanda zai musa. Takardar neman bizar Amurka tana tambayar ƙasashen da mutum ya je cikin shekara 5, ta Birtaniya kuma tana komawa baya har shekara 10. Ɗan kasuwar Kakuri da ke zirga-zirga tsakanin Dubai da Sin, in tsohon fasfonsa ya ɓata, ina zai tuno ranakun? Haka wanda aka soke wa jirgi ko kayansa suka salwanta, in zai kai ƙara hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA, sai da lambar jirgi da rana.

Matsalar tana cikin abin da ido bai karantawa. Zanen nan mai baƙaƙen ɗigo da layuka a jikin katin yana ɗauke da sunanka da lambar bukin ɗinka, wadda yawanci haruffa da alƙaluma 6 ce. Kowace waya mai manhajar karanta irin zanen za ta fito da su, ko da ka rufe rubutun da yatsa. A shafukan kamfanonin jirage da yawa kuwa, wannan lamba da sunan mahaifi su ne mabuɗin. Wanda ya same su yana iya ganin ranar dawowarka, ya sauya maka kujera, wani lokaci ma ya soke tafiyar. A 2020 tsohon firaministan Ostireliya, Tony Abbott, ya ɗora hoton katinsa a Instagram. Wani matashi masanin kwamfuta ya bi ta shafin kamfanin Qantas, cikin ƙasa da awa guda ya zaƙulo lambar fasfonsa da ta wayarsa. Abbott ya yi sa'a, don matashin ya sanar da hukuma ne.

Mu a Kaduna lissafinmu ya wuce na fasfo. Ba mu manta Maris ɗin 2022 ba, lokacin da 'yan bindiga suka kai hari kusa da titin saukar jirage a ranar 26, suka kashe mai gadi, bayan kwana biyu aka tare jirgin ƙasan Abuja. Wanda ya bar shafinsa na manhaja a buɗe, ko yake sanar da lokacin saukarsa, ya gaya wa wanda bai sani ba abu biyu: yaushe gidansa a Narayi zai kasance babu maigida, da kuma ƙarfe nawa motarsa za ta biyo hanyar filin jirgi. Hotunan Umara ba za su lalace ba don an jira an dawo gida kafin a watsa su.

Su kansu masu manhajar ba waliyyai ba ne. A 2024 kamfanin FlightAware ya amsa cewa wani kuskuren saiti ya bar bayanan masu amfani da shi a fili tun farkon 2021. Wasu manhajojin kuma suna neman izinin shiga akwatin imel ɗinka don su riƙa kwaso tikiti da kansu. Akwatin nan ne fa saƙon banki ke shigowa. Gara ka rubuta tafiyar da hannunka, minti ɗaya ne. Dokar kare bayanan sirri ta Najeriya ta 2023 ta ba ka damar neman a goge bayananka, amma bin kamfanin da ke wata nahiya daga Unguwar Sunday ba ƙaramin aiki ba ne.

Idan za ka yi amfani da manhajar, shiga saiti ka mayar da shafinka na sirri, kada ka sa lambar fasfo, kuma ka ba ta kalmar sirri dabam da ta imel. Lokaci-lokaci ka sauke kwafin tarihin ka ajiye, don manhaja tana iya rufewa, kamar yadda App in the Air ta yi a 2024.

Mai raka tsohuwa sansanin alhazai na Mando shi ma ya kula, domin jikoki ne ke ɗaukar hoton takardun Hajiya su tura zauren dangi, daga nan kuma ba wanda ya san inda zai tsaya. Bayan an sauka, katin da takardar da aka liƙa wa jaka a yayyaga su ta kan zanen kafin a zuba a shara.